Tabon Da Na Goge

Wajen ƙarfe biyu na rana ne, zafi ya kai inda ko ƙuda ba ya son tashi, fankar shagonmu tana ta juyi a banza. Oga ya ture kujerarsa baya, ya yi miƙa har ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya ce, "Kai, zo ka zauna nan."

Na waiga in ga ko akwai wani a bayana.

"Da kai nake, Sannu-sannu. Ko sai na buga maka katin gayyata?"

Jama'a, ku fahimci girman wannan magana. Shagonmu na ɗaukar hoto ne da buga katuna da allunan talla, kuma tun da na fara aiki a wurin, kujerar da ke gaban kwamfuta ba mai hawanta sai Oga. Ni aikina shara, yankan ƙananan hotuna da almakashi, liƙa leda a jikin takardu, da hawa tsani in ɗaura allo idan an gama bugawa. Gyaran hoto kuwa a wayata nake koyo, waya mai tsagaggen gilashi, da ɗan yatsa ɗaya. In kun ga ayyukana na farko sai kun tausaya wa masu su. Na taɓa goge wa wani ɗan kasuwa ƙurji a goshi, na haɗa da rabin girarsa. Na taɓa sauya wa wata amarya bangon da ke bayanta, ta fito da kunne ɗaya, ɗayan ya bi tsohon bangon. Oga ya dubi hoton ya ce, "Wannan in angon ya gani, kai zai kai ƙara."

Ba son kwamfuta kaɗai ya sa ni wannan naci ba. Don Likita nake yi.

Likita ba likita ba ce. A kemis ɗin da ke tsallaken titi take aiki, ƙofarsu na kallon tamu, tana ɗora farar riga a kan kayanta, shi ya sa na laƙaba mata sunan. Ranar da na fara shiga sayen maganin ciwon kai, na daɗe ina laluben aljihu, sai ta ce, "Malam, kafin ka ciro ai kan ya warke da kansa." Daga ranar ciwon kai ya aure ni, kusan kullum sai ya tashi.

Tana da tabo a kuncinta na hagu, daga ƙasan kunne ya gangaro har gefen haɓa. Ƙuna ce, tun tana rarrafe ruwan zafi ya zubo mata. Idan tana sallamar masu saye, mayafinta kullum a karkace yake: takan janyo shi ta hagu ta soke da fil, ta tsaya a kaikaice. Sai da muka daɗe da sabawa, wata rana muna hira a kan bencin da ke gefen kemis, fil ɗin ya zame, mayafin ya ja baya. Na ga hannunta ya tashi zai gyara, ya tsaya a hanya, sannan ya koma kan cinyarta. Ta ci gaba da labarin da take ba ni kamar ba abin da ya faru. Tun daga ranar, in ni kaɗai ne a wurin, ba ta soke fil. Har ta yarda na ɗauke ta hoto a haka, tana dariya, mayafin ruwan toka ya sauka a kafaɗa. Ta duba ta ce, "Wannan naka ne kai kaɗai, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Babanta ba mai tsanani ba ne. Magana ɗaya ya aiko min: ba zai ba da 'yarsa ga mai riƙon tsani ba, ranar da na zama mai sana'a a hannu in turo manyana. A gidanmu kuma Yayana bakanike ne, tun da na bar makaranta yake son ya ajiye ni a ƙarƙashin mota. Kullum waƙarsa ɗaya: "Ka dawo gareji ka bar wasa da fuskokin mutane. Mace ba ta cin hoto." Umma ce kawai ke cewa, "Ku ƙyale min Auta, zai isa, ba dai da wuri ba."

To kun ga abin da kujerar nan take nufi a wurina.

Na zauna a ɗofane. Oga ya tsaya a kaina ya nuna min yadda ake ɗebo fata daga inda take lafiya a shafa a inda ta lalace, kaɗan-kaɗan, kamar mai cike ramin bango. Ya ce, "Bari in faɗa maka sirrin sana'ar nan. Ba wanda ke shigowa nan don ya ga kansa yadda yake. Yana da madubi a gida."

"To, Oga."

"Ƙuraje kuwa kowane ɗan koyo na iya gogewa. Ka samo min fuska mai wuya, wadda in ka gama ba wanda zai ce an taɓa. Ranar da ka yi wannan, aikin rana naka ne, ni in samu in huta." Ya ɗauki hularsa ya fita cin abinci.

Na buɗe wayata ina ta wuce hotuna. Abokai, motocin Yaya, Umma tana kare fuska da hannu. Sai na iso kan hoton nan na bencin kemis, ɗan yatsana ya tsaya. Wallahi a wannan lokacin ban ga Likita ba. Fuska mai wuya na gani.

Na tura shi cikin kwamfuta. Na riƙa ɗebo fata daga kuncin dama ina kaiwa na hagu. Inda ya yi sulɓi da yawa kamar 'yar tsanar roba, in koma baya in sake. Rashin saurin da ake min dariya a kansa, ranar ya yi min rana. Gumi na bin bayana ban sani ba. Da Oga ya dawo yana sakace, ya sunkuyo, ya ƙara girman hoton har kuncin ya cika gilashin, ya matsar da shi hagu, ya matsar dama. Ya cire tsinken daga bakinsa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Oga."

"Ina na asalin?"

Na nuna masa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kai min duka a baya har na sarƙe. "Lallai yaro ya girma! Daga gobe ka bar tsani."

Murna ta rufe min ido. Wanda nake son ya fara sani mutum ɗaya ne. Na tura mata hoton, na rubuta a ƙasa: "Duba abin da na iya yau."

Alamar ta nuna ta buɗe. Na leƙa ta ƙofa, na hango ta a bayan kantar kemis, kai a sunkuye. Na jira. Sai ga saƙo.

"Wace ce wannan?"

Na yi dariya ni kaɗai, na zaci tsokanarta ce ta kullum. Na rubuta: "Ke ce mana. Na gyara ki."

Wannan karon ta daɗe.

"Ban san a ɓace nake ba."

Dariyar ta bushe a bakina. Na rubuta cewa gwaji ne kawai, na rubuta cewa Oga ne ya sa ni, na rubuta ta yi haƙuri. Duk ta buɗe, ba ta amsa ko ɗaya ba. Na ce a raina, bari ta huce, gobe da safe in tsallaka in yi mata bayani baki da baki. Ni komai nawa sai gobe.

Washegari tun daga kwanar layinmu na hango masu babur da ke tsayawa a bakin titi sun taru suna kallon saman shagonmu. Oga, wanda bai taɓa riga ni zuwa ba, ranar ya yi sammako. Na bar hotunan biyu a kwamfuta, a fili, ban goge ba, ban ɓoye ba. Shi kuwa ya buga su a ƙaton allo ya ɗaura da kansa. A hagu an rubuta KAFIN GYARA, a dama BAYAN GYARA. Kuma kamar yadda masu sana'armu ke yi don bambancin ya fito, ya ƙara wa tabon duhu, ya dusashe fatar, har dariyar tata ta koma kamar ta mai jin ciwo.

Na shiga na same shi yana shan shayi.

"Oga, a sauke allon nan."

"A sauke me? Tun ban gama ɗaurawa ba mata suka fara tambaya. Talla ce ta faɗo mana daga sama."

"Ba ta sani ba, Oga. Ba ta yarda ba."

"To ai taimakonta aka yi. Ina ma ni wani ya gyara ni haka ya rataya."

Ni ba mai gardama ba ne, ban iya ba. Na dai fita na jingina tsanin da aka ce na bari, na hau. Oga yana ta faɗa daga ciki. Ƙullin da ya yi wa igiyoyin irin na mugunta ne, na yi ta fama da farce da haƙori. Ina can sama na waiga tsallaken titi. Tana tsaye a ƙofar kemis da makulli a hannu, ba ta buɗe ba. Masu babur su dubi allo, su dube ta, su sake duban allo. Wani ya ce wani abu, sauran suka yi dariya. Ta ɗaga hannu ta janyo mayafin har ido ɗaya kawai ya rage a waje.

Na naɗe allon na tsallaka da shi a hammata. Ta riga ta shiga bayan kanta.

"Me za a ba ka, Malam?"

"Likita, don Allah ki saurare ni."

"Maganin ciwon kai ne? Ya ƙare."

Ga kwalinsa nan a bayanta, cike. Na tsaya har wata mata mai goyo ta ce in ba na saye in matsa.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila haƙuri ya gyara shi. Amma Likita tana da yaya mace, matar aure, wadda duk muke ce wa Anti. Ashe da safen nan ta wuce za ta kai 'ya'yanta makaranta, ta ga allon, ta ɗaga waya ta ɗauki rabin dama kawai. Bayan 'yan kwanaki sai ga ta a shagonmu, turarenta ya riga ta shigowa, ƙatuwar jaka a hannu, tabarau a saman goshi.

"Ina ƙanina mai hannun zinariya? Allah ya yi wa hannun nan albarka!"

Na gaishe ta na ba ta kujera. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi, ta kwashe labari ta ba ni kamar mai yi min albishir. Abokin mijinta yana da ƙane, injiniya, yana aiki a wani kamfani can nesa, ba ya samun zuwa gida sai jefi-jefi. Ta tura masa hoton. Tun ranar bai bar wayarta ta huta ba.

"Shekara da shekaru ina neman hoton yarinyar nan da zan iya nuna wa mutane, ta ƙi tsayawa. Ashe kai Allah ya ajiye mana."

"Anti, amma ai ba haka take ba."

"Kai dai yaro ne. Ido ke fara kawo namiji, in ya zo ya ga hali sai ya zauna." Ta miƙe ta gyara jakarta. A bakin ƙofa ta juyo. "Kada ka damu, ba za mu kai aikin wani wuri ba. Katin bikin kai za ka tsara mana."

Ta san tsakanina da ƙanwarta. Ta sani sarai. A wurinta dai ban taɓa wuce mai riƙon tsani ba.

Kujerar kuwa na samu. Oga ya yi fushin allonsa na kwana biyu, ya ga aiki ya taru, ya sauko. Na zauna a gaban kwamfuta tun safe har yamma, tunda ba ni da bencin da zan je. Abin haushi, a lokacin ne hannuna ya faɗa sosai. Na koyi cewa ba a aiki a kan hoton asali, sai a kwafe shi a yi a kan kwafin. Na koyi cewa hoton mutum amana ne, in an gama a ba shi kayansa a share sauran. Na koyi barin ƙananan ramukan fata da layin dariya, don in ka share su duka ka kashe fuskar. Ina kallon bidiyon masu koyarwa da yaren da ba na ji sosai, hannunsu kawai nake bi, in tsayar, in gwada, in koma baya.

Haske kuwa a wurin takalma na koye shi. Wani mai sayar da takalma ya kawo kaya a ɗauka don talla. Na ajiye su kusa da tagar gefe, sai kowace tattara da kowane ƙarce suka fito da inuwarsu, sabon takalmi ya koma kamar an yi shekara ana takawa. Na mayar da su suna fuskantar ƙofa, inda haske ke shigowa a shimfiɗe, sai suka fito yadda suke a ido, ba ƙari ba ragi. Na zauna ina mamaki: ashe tun kafin a kai ga kwamfuta, inda ka ajiye abu ma hukunci ne.

A gida kowa ya ga canji. Allon garejin Yaya ni na tsara masa, yanzu duk wanda ya kawo mota sai ya nuna masa ya ce aikin ƙanensa ne. Wata safiya muna karyawa a tsakar gida, Umma ta shiga ɗaki ta fito da wani yadi shuɗi mai ƙananan furanni, a ninke cikin leda, ƙanshin akwatinta na tashi daga jikinsa.

"Tun ranar da ka fara min zancen yarinyar nan na saya na ajiye mata. Na yi wa kawunka magana, Auta. Yaushe za su je?"

Na ajiye burodin. "Umma, a ɗan dakata tukuna."

"A dakata kuma? Sana'ar da aka ce, ga ta ta samu. Har a nan ma jan ƙafar za ka yi?"

Yaya ya kurɓi shayi ya ce, "Ƙyale shi, Umma. Wataƙila ya gyara hoton wata ne ya ga ta fi."

Suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki kamar mai yi. Umma ta daɗe tana kallona, sannan ta shafa ledar ta mayar da yadin ɗaki. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Jiya da la'asar aka ɗauke ruwan sama, gari ya yi luf, rana na bayan gajimare. Oga ya tafi sayo tawada. Ina tsara wa wata makaranta takardar talla, sai hasken ƙofa ya ragu. Na ɗago. Likita ce, da farar rigarta a kan doguwar riga ruwan ƙasa, mayafi baƙi a soke ta hagu, gefen takalminta da taɓo. Ta rame kaɗan. Tun ranar allon ba ta ƙara tako wannan gefen titin ba.

Na miƙe har kujerar ta faɗi.

"Hoto na zo ɗauka," ta ce.

"Likita..."

"Ana ɗauka ko in tafi wani wuri?"

"Ana ɗauka."

Ta tsaya tana kallon bango, inda muke liƙa samfurin katuna. Da bangon take magana ba da ni ba. Ta ce Injiniya zai zo ƙarshen mako, kuma ba shi kaɗai ba, da manyansa. Har yau hoton nan kawai ya sani. In ya kira don su ga juna a waya, sai Anti ta ce a ce masa layi ba kyau. Mutumin kirki ne, yana da ladabi, yana tambayar jikin Baba kafin ya tambayi nata.

"Ba zan bari ya taso da iyayensa ya zo ya tarar da wata daban ba. In zai fasa, ya fasa daga can. Ba zan iya kallon fuskarsa lokacin da zai gani ba."

"Anti ta sani?"

"Fuskar Anti ce?"

Ta ciro wayarta ta juya ta a hannu. "Na gwada da wannan. Ko na ɗauka sai ta shafe rabin tabon da kanta. Har waya ta koyi irin aikinku."

"Ai ana kashe abin. Kawo in..."

"Ba shi ya kawo ni ba. Kai ka cire, kai za ka mayar."

Ta sa hannu ta zare fil ɗin. Mayafin ya sauka. Na daɗe ban ga kuncin nan ba, sai na ji kamar na dawo gida daga doguwar tafiya na tarar an sauya makulli.

Na ɗauko 'yar kujerar ɗaukar hoto. Ku da kuke karantawa, kada ku yi min kallon salihi. Ban kai ta gaban ƙofa ba. Kusa da tagar gefe na ajiye ta, inda na fara ajiye takalman nan. Ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya, kuncin hagu na kallon tagar. Na ɗaga kyamara na duba.

Hasken ya bugo tabon daga gefe. Kowane tudu ya yi inuwa, kowane lotsi ya yi zurfi, ya fito ninkin yadda yake. Ba sai na taɓa kwamfuta ba. Zan iya rantsuwa ban ƙara komai ba, kuma ban yi ƙarya ba. Ɗan yatsa kawai zan danna. Mutumin da ya ƙwallafa rai a kan fuska mai sulɓi ya buɗe wannan, ƙarshen mako zai zo ya wuce ba wanda ya taso. Anti ta yi ta faɗanta. Ni kuma ina nan tsallaken titi, da sana'a a hannu, da yadi shuɗi a akwatin Umma. Zuciyata ta ce, ai ita ta ce a mayar.

"Nan ya yi?" ta tambaya.

Ba ta san komai game da haske ba. Duk abin da na yi mata, ta zo ta zauna inda na nuna, ba ta ko tambayi dalili ba.

Na sauke kyamarar. "Bai yi ba. Taso."

Na mayar da kujerar tana fuskantar ƙofa. Hasken bayan ruwa ya sauka a fuskarta a shimfiɗe. Tabon yana nan, daga ƙasan kunne zuwa gefen haɓa, daidai yadda na san shi a kan benci. Idanunta ma suna nan, da ɗan karkacewar bakin nan da take yi in tana shirin tsokana, ko da yake yau ba tsokana a ciki.

"Ɗago haɓa kaɗan. Dubi nan."

Na danna.

Na sa shi a kwamfuta don ta gani da girma. Ta sunkuyo ta gefen kafaɗata, ƙanshin kemis na tashi daga rigarta. Ta daɗe tana kallo.

"Ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

"Haka nake?"

"Haka kike." Na juyo na dube ta. "Likita, wallahi ni tun da nake da ke ban taɓa ganin tabon nan a matsayin..."

"Ka gani," ta katse ni, ba da faɗa ba. "Da ba ka gani ba, da ba ka san inda za ka goge ba."

Na tura mata hoton a waya, na share shi daga kwamfuta da kyamara a gabanta. Tana tsaye a wurin ta buɗe shafin hirarsu. Ban so in kalla ba, idona ya ƙi bin umarni. Ta tura hoton shi kaɗai, ko kalma ba ta sa a ƙasa ba. Nan take alamar ta nuna ya buɗe, mutumin kamar a kan wayar yake zaune. Sai ga rubutun nan ƙarami a sama: yana rubutu. Ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa.

Ta kife wayar ta jefa a aljihun farar rigar. Ta janyo mayafin ta hagu, ta laluba kafaɗa, ta laluba ƙirji, ta duba kan tebur. Fil ɗin ba ya nan.

Na durƙusa. Na duba ƙarƙashin tebur, na ɗaga wayoyin wuta, na bi gefen bango da tafin hannu. Can kusa da tagar gefe na same shi, inda na fara zaunar da ita. Ina miƙewa wayar ta yi ƙara a aljihunta. Mu duka mun ji. Ba ta ciro ba.

Na goge fil ɗin a jikin rigata na miƙa mata. Ta karɓa ba tare da ta dube ni ba, ta soke mayafin a gabana tsaf, kamar yadda take yi wa masu saye. Sannan ta tsallake ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, ta nufi kemis, hannunta ɗaya dafe da aljihun.